FASHIN BAƘI: Gadojin da ba a san zurfin tushensu ba, wacce za a fara cetowa kafin ruwa ya ci ta?

Duk shekara idan damina ta kankama, labarin karyewar gada ba ya yankewa a Najeriya. A watan Yunin 2017 ruwan sama mai ƙarfi ya karya gadar Tatabu da ke kan hanyar Mokwa zuwa Jebba a Jihar Neja, hanyar da ɗimbin manyan motoci ke bi tsakanin Legas da Arewa. A watan Agustan 2024 ambaliya ta tafi da gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, jama'a suka koma tsallake kogi da kwalekwale. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma, ambaliyar da ta kashe fiye da mutum 150 a Mokwa ta yanke babbar hanyar garin.

Bayan kowane irin wannan lamari, bayanin da ake ji daga hukumomi ɗaya ne: ruwa ne ya yi yawa. Babu shakka ruwan ya yi yawa. Sai dai injiniyoyi suna da tambayar da ta riga wannan, wato yaya zurfin ginshiƙan gadar yake a cikin ƙasa, kuma a kan me suke zaune. Idan an san amsa, ana iya lissafa ambaliyar da gada za ta jure da wadda za ta kayar da ita. Idan kuwa zanen ginin ya ɓace, kuma babu mai shaidar abin da aka binne, to gadar ta shiga rukunin da masana ke kira gadoji marasa sanannen tushe.

Ƙasar da ta fi kowa ƙirga irin waɗannan gadoji da tsara yadda za a bi da su ita ce Amurka, kuma sai da ta yi asarar rayuka kafin ta yi hakan. Tsarin da ta fitar yana amsa tambayar da ta shafi duk mai biyan haraji: idan kuɗi ba za su isa a tone gindin kowace gada ba, da wacce za a fara, kuma wa zai yanke hukunci?

Yadda ruwa ke cin gada ta ƙarƙashi

Abin da matafiyi ke gani a gada shi ne kwalta, da shingen gefe, da ginshiƙan da suka fito saman ruwa. Abin da ke riƙe da wannan duka shi ne tushe, wanda magina ke kira fandisho. Iri biyu ne a taƙaice. Akwai shimfiɗaɗɗen tushe, wato faffaɗan kankare da aka zaunar a kan ƙasa mai tauri ko dutse ba tare da an yi nisa ba. Akwai kuma tushe mai turaku, inda ake kafa dogayen turakun kankare ko ƙarfe ko katako su nutse mitoci da yawa cikin ƙasa, sannan a ɗora ginshiƙi a kansu.

Abokin gabar duka biyun shi ne zaizaya, kuma ta hanyoyi huɗu take zuwa. Na farko, gindin kogi gaba ɗaya yana iya yin ƙasa sannu a hankali cikin shekaru, musamman idan an gina madatsar ruwa a sama ko ana haƙar yashi a kusa. Na biyu, gada takan matse hanyar ruwa, kuma ruwan da aka matse yakan ƙara gudu ya kwashe ƙasar da ke tsakanin ginshiƙai. Na uku, ruwan da ya bugi ginshiƙi yakan nutsa ƙasa yana juyi, ya ƙwaƙule rami a gindinsa. Ƙa'idar da injiniyoyin Amurka ke aiki da ita ta nuna cewa zurfin wannan rami yana iya haura ninki biyu na faɗin ginshiƙin. Idan itatuwa da shara suka maƙale a jikin ginshiƙi, a wurin ruwa tamkar faɗinsa ya ƙaru ne, don haka ramin ma zai ƙaru. Na huɗu, kogi yakan sauya hanya, ya gangara gefe har ya iske ginshiƙan da aka gina a tudu, waɗanda ba a tsara su don zama cikin ruwa ba.

Abin da ya sa zaizaya ta zama mugun ciwo shi ne tana ɓoye sawunta. Ramin yakan kai iyakar zurfinsa lokacin da ruwa ya cika ya yi jajir, sa'ar da babu mai iya ganin komai. Da ruwa ya janye, sai yashi mai laushi ya sake cika ramin. Jami'in da ya zo dubawa da rani zai tarar da ƙasa a shafe, alhali ƙasar da ke ƙarƙashi ta rasa ƙarfinta, kuma ambaliya ta gaba za ta kwashe ta cikin sa'o'i kaɗan.

Wani nazari da Wardhana da Hadipriono suka wallafa a 2003, wanda ya bi diddigin gadoji 503 da suka faɗi a Amurka daga 1989 zuwa 2000, ya gano cewa ambaliya da zaizaya ne suka haddasa kusan kashi 53 cikin 100 na faɗuwar. Wato ruwa shi kaɗai ya kayar da gadoji fiye da sauran dalilai duka a haɗe.

Haɗurra biyu da suka sauya doka

Ranar 5 ga Afrilun 1987, gadar rafin Schoharie da ke kan babbar hanyar Jihar New York ta rufta a lokacin ambaliya. Motoci biyar suka faɗa, mutum 10 suka mutu. Gadar ba ta wuce shekara 33 da buɗewa ba. Ginshiƙanta suna kan shimfiɗaɗɗen tushe ne ba tare da turaku ba, kuma kariyarsu ita ce manyan duwatsun da aka jibge kewaye da su. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora laifin a kan rashin kula da waɗannan duwatsu, waɗanda ruwa ya yi ta kwashewa ba a mayar ba.

Bayan shekara biyu, ranar 1 ga Afrilun 1989, wani ɓangare na gadar kogin Hatchie a Jihar Tennessee ya faɗi, mutum 8 suka rasu. A nan kogin ne ya matsa gefe kimanin mita 25 tun daga lokacin da aka gina gadar a shekarun 1930, har ya tone turakun katakon da asali suke a kan tudu. NTSB ta ce hukumar hanyoyin jihar ba ta auna wannan sauyi ba, ba ta kuma magance shi ba.

Tun daga 1988 Hukumar Manyan Hanyoyin Tarayyar Amurka, FHWA, ta umarci jihohi su auna haɗarin zaizaya a kan kowace gadar da ta ratsa ruwa, ta kuma sabunta umarnin a 1991. Amurka tana da kundin gadoji na ƙasa da ke ɗauke da bayanin gadoji sama da 600,000, kuma a cikinsa aka ware gurbi na 113 don rubuta matsayin kowace gada game da zaizaya. Da aka fara cika gurbin sai matsala ta bayyana. Lissafin zaizaya yana ba da zurfin ramin da ruwa zai iya tonawa, to amma da me za a kwatanta shi idan ba a san zurfin tushe ba? Sai aka tanadi harafin U don irin waɗannan gadoji, ma'ana tushen da ba a sani ba.

Har zuwa 2007 gadoji sama da 60,000 ne ke ɗauke da wannan harafi, yawancinsu ƙananan gadoji a hanyoyin karkara da ke hannun ƙananan hukumomi. A watan Janairun 2008 FHWA ta sa wa jihohi wa'adin Nuwamban 2010 su fitar da gadojinsu daga wannan rukuni, ko su tanadar wa kowacce rubutaccen shirin abin da za a yi idan ruwa ya taso. Darasin da ke nan shi ne an mayar da rashin sani abin ƙirgawa. An ba shi suna, an rubuta shi a kundi, an sa masa ranar ƙarewa.

Yadda tushen gada ke ɓacewa a takarda

Gada takan rayu shekara 70 ko 100, amma ma'aikacin gwamnati ba ya wuce shekara 35 a ofis. A tsakanin nan ake rasa ilimin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Zanen farko yana iya ƙonewa, ko gara ta ci shi, ko ya ɓace wajen sauyin ofis. Wani lokaci zanen yana nan, amma na abin da aka yi niyyar ginawa ne, ba a ajiye na abin da aka gina a zahiri ba. Turken da aka zana zai nutse mita 15 yana iya tsayawa a mita 9 saboda ya gamu da ƙasa mai tauri, ko saboda ɗan kwangila ya rage aiki, kuma littafin da aka rubuta hakan a ciki shi ne kaɗai shaida.

Misali mafi bayyana ya faru ne a ƙasar Ireland. Ranar 21 ga Agustan 2009, wani ɓangare na gadar jirgin ƙasa ta Malahide, a kan layin Dublin zuwa Belfast, ya rufta jim kaɗan bayan jirgin fasinja ya tsallake. Allah ya kiyaye, babu wanda ya mutu. Kwanaki kaɗan kafin nan wani daga cikin 'yan sikawut masu shiga ruwa a wurin ya kira kamfanin jirgin ya ce duwatsu suna zaizayewa, an kuma tura injiniya ya duba, bai ga abin tsoro ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ginshiƙan gadar suna zaune ne a kan wani tarin duwatsu da aka jibge a ruwa, ba su kai ga dutsen ƙarƙashi ba, kuma wannan ilimi ya ɓace wa kamfanin yayin da tsofaffin ma'aikata suka yi ta barin aiki. Wanda aka tura ya duba abin da ido ke gani ne, domin bai san cewa tarin duwatsun nan shi ne rayuwar gadar ba. Rashin sani, in ji Hausawa, ya fi dare duhu.

Najeriya tana da nata hanyoyin da takarda ke salwanta. Akwai gadojin da aka gina tun zamanin Turawa, kamar tsohuwar gadar Makurdi da aka buɗe a 1932. Akwai na zamanin gwamnatocin yankuna, da na shekarun arzikin man fetur. An ƙirƙiri jihohi a 1967 da 1976 da 1987 da 1991 da 1996, kuma kowace ƙirƙira tana nufin raba ma'aikatun ayyuka da ma'aikata da fayiloli. An ɗauke hedikwatar ƙasa daga Legas zuwa Abuja a 1991. Hanyoyi ma sukan sauya hannu tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Hanyoyin tarayya kimanin kilomita 35,000 ne kawai, ragowar mafi yawa suna hannun jihohi da ƙananan hukumomi, inda kuɗi da ƙwararru suka fi ƙaranci. Wannan ba hujja ba ce a kan wata gada guda, amma ya isa dalilin da za a nemi kowace ma'aikata ta faɗi gadoji nawa take da cikakken zanensu.

Lissafin haɗari: yiwuwa da girman asara

A 2006 shirin binciken hanyoyi na haɗin gwiwa a Amurka, NCHRP, ya fitar da jagora musamman domin gadoji marasa sanannen tushe. Tunanin da ke cikinsa mai sauƙi ne. Haɗari abu biyu ne da ake ninkawa da juna: yiwuwar gada ta faɗi a cikin shekara, da girman asarar da za a yi idan ta faɗi.

Ana ƙiyasta yiwuwa ne daga abubuwan da ake iya gani ko da ba a san tushe ba. Sau nawa ruwa ke cika har ya kai cikin gadar ko ya haura ta? Yaya lafiyar ginshiƙai da bangon bakin gada? Gaɓar kogi tana zubewa ne ko tana tsaye? Gindin kogin yashi ne, ko laka, ko dutse? Shekarun gada ma shaida ne, domin wadda ta tsallake manyan ambaliyoyi da dama ta nuna cewa tushenta ba na wasa ba ne, muddin kogin bai sauya hali ba.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta. Idan aka ce ambaliyar shekara 100, ba ana nufin sau ɗaya take zuwa a ƙarni ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ta auku. Idan aka tara wannan a tsawon shekara 50, yiwuwar gada ta gamu da ita aƙalla sau ɗaya ta kai kusan kashi 40 cikin 100, a shekara 75 kuma ta haura rabi.

Girman asara kuwa ya ƙunshi kuɗin sake gina gada, da kuɗin mai da lalacewar motocin da za su yi zagaye, da lokacin da mutane da kaya za su ɓata, da rayukan da za a iya rasawa. Saboda haka ana duba yawan motocin da ke bi a rana, da kason manyan motoci a cikinsu, da tsawon zagaye, da watannin da gyara zai ci.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira domin a ga yadda lissafin ke aiki. A ce gada ta farko tana kan babbar hanya, yiwuwar faɗuwarta 1 cikin 100 ce a shekara, asarar kuma naira biliyan 20. Haɗarinta na shekara ya zama naira miliyan 200. Gada ta biyu tana ƙauye, yiwuwar faɗuwarta 1 cikin 20 ce, wato ta ninka ta farko sau biyar, amma asarar naira biliyan 1 ce. Haɗarinta ya zama naira miliyan 50. A kan takarda, ta farko ce za a fara kashe wa kuɗi, duk da cewa ta biyu ce ta fi kusa da faɗuwa. Za mu koma kan wannan, domin a nan ne rigima take.

Matakan tantancewa

Jagoran na 2006 ya tsara aikin daki-daki. Da farko ana ware gadojin da ba a caca da su: na manyan hanyoyi, na hanyoyin kwashe jama'a lokacin bala'i, da waɗanda ke kaiwa ga asibiti ko wasu ayyukan gaggawa. Waɗannan ba a jiran dogon lissafi, kai-tsaye ake zuwa a gano tushensu.

Ragowar kuma ana kwatanta yiwuwar faɗuwar kowacce da wani mizani da aka gindaya wa ajin hanyarta. Babbar hanya mizaninta ya fi tsauri, ƙaramar hanya ya fi sassauci. Wadda ta kasa cika mizani ita ma ana kai mata ɗauki nan take. Wadda ta cika, sai a lissafa haɗarinta na tsawon shekarun da suka rage mata, a kwatanta da kuɗin zaɓuɓɓuka uku: sa mata na'urar lura da zaizaya, ko jibge mata kariya, ko binciken tushenta.

Wannan kwatanci yakan ba da sakamakon da ba a zata ba. A ƙaramar gada, sau da yawa zuba duwatsun kariya ya fi arha a kan ɗauko ƙwararru su auna tushe, don haka sai a ɗauka cewa tushen gajere ne a kare shi kawai. A gadar da aka riga aka tsara sauya ta nan da 'yan shekaru, sa ido da shirin rufewa sun wadatar. A babbar gada mai dogon rai a gaba, kuɗin bincike ƙalilan ne idan aka auna da abin da ake karewa.

Auna abin da ke ƙasa ba tare da rushe shi ba

Mataki mafi arha shi ne neman takarda: ɗakunan ajiyar ma'aikata, ofisoshin kamfanonin da suka yi aikin, takardun biyan kuɗi da ke nuna yawan kankare da tsawon turakun da aka saya, da tsofaffin injiniyoyi da leburorin da suka halarci ginin. Gadojin da aka gina a shekara ɗaya a kan hanya ɗaya sukan yi kama, don haka zanen ɗaya yana haska maƙwabciyarta.

Idan takarda ta gagara, sai a koma ga na'ura. Hanya ɗaya ita ce a bugi kan turke da guduma a saurari amsa-kuwwa. Girgiza tana tafiya cikin kankare da gudun kusan mita 4,000 a daƙiƙa. Idan ta je ƙarshen turke ta dawo cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta yi tafiyar mita 20 zuwa da dawowa, tsawon turken ya zama mita 10 ke nan. Raunin wannan hanya shi ne tana rikicewa idan turaku da yawa suna haɗe a ƙarƙashin kankare guda.

Hanyar da binciken NCHRP na shekarun 1990 ya samu ta fi dacewa da yawancin yanayi ita ce a haƙa siririn rami irin na burtsatse dab da tushe, a zura na'urar sauraro a ciki, a riƙa bugun ginshiƙi ana saukar da ita taki-taki. Muddin na'urar tana gefen turke, girgiza na isowa da sauri. Da ta wuce ƙarshensa sai isowar ta fara jinkiri, domin girgizar ta koma bi ta cikin ƙasa. Zurfin da jinkirin ya fara shi ne ƙarshen tushe. Idan turakun na ƙarfe ne ko suna da rodi, ana iya amfani da na'urar maganaɗisu a cikin ramin.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ko an gano tushe ko ba a gano ba, gadar da ke cikin haɗari tana buƙatar rubutaccen shiri. Dokar duba gadoji ta Amurka ta wajabta shi tun 2005 ga gadojin da zaizaya ke yi wa barazana, a kan dubawar yau da kullum da ake yi duk wata 24 da dubawar ƙarƙashin ruwa duk wata 60. Shirin yana faɗin wa zai je gadar idan ruwa ya taso, a wane tsayin ruwa za a rufe ta, wa ke da ikon rufewa ko da tsakar dare ne, ina za a karkatar da motoci, kuma me za a duba kafin a sake buɗewa.

Akwai na'urori masu auna gindin kogi da sauti, da waɗanda ake binnewa a yashi su taso su aika saƙo idan ruwa ya tone su. Amma mafi sauƙi shi ne jan layi na fenti a jikin ginshiƙi, da mutumin gari mai waya wanda ya san lambar da zai kira. A Schoharie, uku daga cikin motoci biyar ɗin sun faɗa ne bayan gadar ta riga ta karye. Shinge da mutum ɗaya a bakin hanya suna ceton rayukan da kankare ya kasa.

Najeriya tana da rabin abin da wannan ke buƙata. Hukumar NiHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NiMet tana fitar da hasashen damina, kuma akan yi sanarwa idan za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru. Abin da ya rage shi ne a ɗora jerin gadoji a kan wannan taswira.

Inda lissafi ke komawa siyasa

Mu koma kan gadoji biyu na misalinmu. Lissafin da ke auna asara da naira zai fifita hanyar da manyan motoci ke bi a kan hanyar ƙauye kusan a kowane lokaci. Mace mai naƙuda da ba ta isa asibiti ba, da manomin da amfaninsa ya ruɓe a gona, da ɗaliban da suka rasa zangon karatu, ba su da nauyi a ma'aunin da ke ƙirga motoci. Shi ya sa tsari mai adalci yake ba da maki na musamman ga gadar da ita kaɗai ce hanyar shiga gari, yake kuma gindaya mizanin da ba a yarda kowace gada ta faɗi ƙasa da shi ba, komai ƙanƙantar hanyarta. Nauyin da za a ba kowane ɓangare hukunci ne na siyasa, kuma ya kamata a yi shi a bainar jama'a.

Duk da wannan rauni, jerin da aka gina a kan ƙa'ida ya fi rashin jeri. Inda babu shi, gadar da ke samun kuɗi ita ce ta mazaɓar mai ƙarfi a majalisa, ko wadda ta riga ta faɗi har hotonta ya cika Facebook. Sabuwar gadar sama a tsakiyar birni tana da ranar yanke kyalle da allon suna, amma duwatsun da aka zuba a ƙarƙashin ruwa babu mai ganinsu ranar zaɓe. Aikin gaggawa bayan rushewa kuma ya fi tsada, kuma shi ne irin aikin da aka fi sassauta ƙa'idojin bayar da kwangila a kansa.

Akwai kuma batun yashi. Ranar 4 ga Maris na 2001, tsohuwar gadar Hintze Ribeiro da ke kan kogin Douro a Fotugal ta rufta da bas da motoci uku, mutum 59 suka mutu. Bincike ya danganta lamarin da ambaliya da kuma shekarun da aka yi ana haƙar yashi har gindin kogin ya yi ƙasa. Ministan da ke kula da ayyuka, Jorge Coelho, ya yi murabus cikin sa'o'i. A Legas, Ministan Ayyuka David Umahi ya sha faɗa a bainar jama'a cewa binciken ƙarƙashin ruwa ya nuna lalacewa a turakun gadar Third Mainland da gadar Carter, yana mai ambaton haƙar yashi ba bisa ƙa'ida ba a cikin dalilai. Duk tifar da ke lodi a gindin wata gada a Arewa tana rage zurfin tushenta ne, kuma idan tun farko ba a san zurfin ba, babu mai iya cewa saura nawa.

Abin da za a tambayi hukumomi

Kundin gadojin Amurka a buɗe yake, kowa na iya sauke shi daga intanet ya duba matsayin gadar garinsu. A Najeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Ɗan jarida ko ƙungiyar matasa za su iya rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, ko hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, ko ma'aikatar ayyuka ta jiha, da tambayoyi takamaimai.

Gadoji nawa ne ke ƙarƙashin kulawarku a wannan jiha, kuma nawa ne suka ratsa ruwa? Nawa ne kuke da zanen abin da aka gina a zahiri da littafin kafa turakunsu? Yaushe aka yi wa kowacce dubawar ƙarƙashin ruwa ta ƙarshe, kuma ina rahoton? Da wace ƙa'ida aka zaɓi gadojin da suka shiga kasafin kuɗin bana? Wa ke da ikon rufe gada idan ruwa ya kai wani tsayi? Mita nawa aka hana haƙar yashi daga gindin gada, kuma wa ke tabbatar da hanin? A sababbin kwangiloli kuma, shin ana riƙe kuɗin ƙarshe har sai ɗan kwangila ya miƙa cikakken zanen abin da ya binne?

Lokacin aika waɗannan tambayoyi shi ne rani. Daga Disamba zuwa Afrilu yawancin kogunan Arewa sukan janye ko su ƙafe, gindin ginshiƙai ya fito fili, injin haƙa ya iya tsayawa a kan yashi, motar duwatsu ta iya sauka har ƙarƙashin gada. Aikin da za a yi a waɗannan watanni da ma'auni da guduma da kyamarar waya, idan Agusta ta shigo sai da masu nutso da jirgin ruwa, in ma ya yiwu.